Kurakuran da masu koyon narkar da sitaci da enzayim suka fi yi

Na daɗe ina sarrafa gasarar masara da sitacin rogo zuwa ruwan gulukos da masu alewa ke saya, a wani ƙauye kusa da Ringim, kuma na gaji da ganin matasan da ke zuwa koyo suna maimaita kurakurai iri ɗaya.

Mafi muni shi ne ɗaukar enzayim biyun da muke aiki da su, wato sinadaran da ke narkar da sitaci ya koma sukari, tamkar abu guda. Na farko, alfa-amiles, ana samo shi daga bakteriya irin su Bacillus licheniformis da Geobacillus stearothermophilus; ita ta biyun tana rayuwa cikin zafin da ya wuce digiri 55 na ma'aunin Celsius. Yana aiki a digiri 90 zuwa 95, yana datsa dogayen sarƙoƙin sitaci har kullu mai kauri ya tsinke. Na biyu, gulukoamiles, daga fumfunar Aspergillus niger yake, shi ne mai fito da zaƙi, kuma ba ya jure abin da ya wuce digiri 60 da yawa. A shekarata ta farko na zuba su tare cikin tafasasshiyar tukunya, na wayi gari da ruwa tsululu marar zaƙi, na yi asarar sitacin buhu biyu da itacen mako guda, mai alewar da ya ba ni kafin alƙalami kuma bai sake waiwayata ba. Har yau raina yana ɓaci idan na ga yaro ya ɗauko kwalba ta biyu alhali tukunya tana tururi. Ku sauke, ku sa ma'aunin zafi, ku jira 60. Yatsa ba ma'auni ba ne.

Akwai kuma masu yin akasin haka. Sun ga iyayenmu mata suna barin kunun zaƙi ya huce kafin su zuba tsiro ko dankali, wanda daidai ne, domin enzayim ɗin tsiro zafi yana kashe shi. Sai su ɗauko wannan al'ada su ɗora wa alfa-amiles, su dafa kullun ba tare da shi ba da nufin zuba shi bayan ya huce. Kafin su ankara, da zafi ya kai wajen digiri 70, gasara ta kumbura ta zama tuwo, muciya ta ƙi juyawa, gindin tukunya ya kama. Ni tun kullun yana sanyi nake zuba shi, sannan in hura wuta ina tuƙawa, don ya riƙa tsinka sitacin yayin da yake dahuwa.

Tsami ma yana ɓata aiki. Gasarar da ta kwana biyu a jiƙe ta yi wa alfa-amiles tsami da yawa, domin shi ma'aunin tsami (pH) na wajen 6 yake so, kuma a wannan ma'auni lamba tana raguwa ne idan tsami ya ƙaru. Nakan gyara da ruwan kanwa kaɗan-kaɗan ina gwadawa da takardar gwajin tsami, sannan in saukar da shi zuwa 4.5 da lemun tsami kafin enzayim na biyu. Wasu abokan sana'a suna ƙin kanwa saboda tana sauya launi, amma ita nake samu a kasuwarmu.

Kada ku bar kwalbar enzayim a ɗakin kwano da bazara. Jurewar zafi ta sa'o'i ce, ba ta watanni ba, don haka tawa a gindin randa take zama. Ku ɗiga aidin, maganin nan da ake shafa wa rauni, a cokali guda na kullun, idan ya yi shuɗi mai duhu to akwai sauran sitaci. Gulukoamiles kuwa kwana biyu yake buƙata cikin ɗumi, don haka nake lulluɓe durom da buhunan algarara maimakon in sake hura masa wuta.