Yadda za mu rage ƙazantar da ke shiga Jakara tun daga ƙofar gida

Duk wanda ya tashi a Kano ya san warin rafin Jakara, amma ruwan nan fa ba tsayawa yake ba, gangarawa yake ya haɗu da rafin Getsi mai kwaso ruwan kamfanonin Bompai su tafi har dam ɗin Wasai a Minjibir, a hanya kuma da shi masu lambu suke ban ruwa, latas da kabeji da alayyahon da muke siyowa kenan.

To a fara da kwatar ƙofar gida. Hadari na haɗowa sai kaga an aiki yaro da bokitin shara ya juye a kwalbati wai ruwa zai tafi da ita, don Allah a daina, ledar fiya wata da famfas basa narkewa, toshe hanya suke ruwan ya dawo cikin gidaje. A tara a buhu a ba mai kura ko akai bola inda motar REMASAB, hukumar kwashe shara ta jihar Kano, ke ɗauka. In an yashe kwata ranar tsaftar muhalli ta ƙarshen wata a kwashe dagwalon a ranar, in an barshi a gefe ruwan farko zai maida shi.

Wanda yafi damuna shine masai. Wallahi akwai gidajen da bututun banɗakinsu kai tsaye cikin kwata yake zuba, daga nan amai da gudawa ke samun hanya. A haƙa sokawe, in ta cika a kira masu motar zuƙa kuma a tambayi direban ina zai kai, kar ya juye a rafi da daddare.

Makanikai ku tara baƙin mai a jarka, akwai masu siya.

Na kamfanonin jima kam yafi ƙarfin mutum ɗaya, ruwansu akwai wani sinadari mai cutarwa da ake kira kuromiyom a ciki. In kunga ruwa ya canza kala yana kumfa ku ɗauki hoto da bidiyo, ku rubuta rana da wurin, ku haɗu da mai unguwa akai ƙorafi a rubuce ma'aikatar muhalli da ofishin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kuma a dinga komawa ana bibiya.

Kayan lambu a wanke da ruwa mai kyau sosai, sai dai wanki baya fitar da sinadarin da ganyen ya riga ya zuƙa ta saiwa.