Yadda ake zaɓen rumbun bayanai ma ƙaramin shafin intanet

Yaran da ke koyon gina shafi a Damagaram yawanci tambayarsu ɗaya ce, wane rumbun bayanai, wato manhajar da shafi ke ajiye bayanansa a ciki, ya fi ƙarfi? To ni dai ina ganin ba nan ya kamata a fara ba, don shafin mai sayar da jakunkunan fata a kasuwar Dole ko na wata ƙaramar makaranta a Zango ba ƙarfi ke damunsa ba, abin da zai zauna lafiya kuma wani ya iya gyarawa in ba ka nan shi ake nema.

Matakin farko ka ɗauki biro da takarda ka rubuta abin da shafin zai ajiye. Sunan kaya, farashi da sefa, lambar mai saye, wa ya biya wa bai biya ba. In ka duba ka ga hotuna ne kawai da adireshi da lambar WhatsApp to ɗan uwa ba ka buƙatar rumbu sam, ka rubuta shafinka ka ɗora ka huta.

Na biyu, tambayi kamfanin da zai ba shafin masauki me suke da shi tun kafin ka biya. Masu arha kusan dukkansu rumbun MySQL ko MariaDB suke bayarwa tare da phpMyAdmin, shafin da ake duba rumbun da shi, kuma in da WordPress, manhajar gina shafi, za ka yi aiki ai magana ta ƙare don da su yake tafiya. Kar sunayen biyu su ruɗa ka, MySQL ta fito ne daga Suwidin a 1995, da aka ga za ta faɗa hannun kamfanin Oracle sai ɗaya daga masu ita, Michael Widenius, ya ware ya kafa MariaDB a 2009, shi ya sa umarninsu kusan iri ɗaya ne.

Na uku shi ne inda nake son a tsaya sosai. Mutum nawa ne za su dinga RUBUTA abu lokaci guda? ba masu karantawa ba fa, masu rubutawa. In kai kaɗai ne ko kai da yaron shago to SQLite ta ishe ka har ta yi yawa, Richard Hipp ya ƙirƙiro ta a 2000, fayil ɗaya ce tak ba ta son wata sabar daban (wato manhaja ko kwamfutar da ke gudanar da rumbu) ba kalmar sirri ba wahala, kuma tana cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu yanzu haka. Masu ita ma sun ce shafin da bai kai buɗewa 100,000 a rana ba, tana iya ɗaukarsa, to fisabilillahi wane shafi ne a Birni ko Sabon Gari ya kai haka? Matsalarta dai mai rubutu ɗaya take bari a lokaci guda, sauran su jira kamar layin famfo, don haka in makaranta ce ranar rajista ma'aikata da yawa na shigar da sunaye tare, gara MariaDB. Kuma in SQLite ka zaɓa, ka tabbata masaukin ba ya share fayil in an sake ɗora shafi, akwai masu yin haka.

PostgreSQL fa? Kyauta ce ita ma kuma ba ta wasa da lissafi, in akwai harkar kuɗi mai sarƙaƙiya ko taswira, misali gonaki da rijiyoyi wajen Mirriya, tana da PostGIS mai wannan aiki. Sai dai sau da yawa sai ka kama sabar taka ka kula da ita da kanka. Rumbunan MongoDB da Firebase kuwa a bar su tukuna, ba cikin tebur suke ajiya ba, alhali bayanan shago a jere suke cikin tebur, kuma Firebase in ka wuce na kyauta sai da katin banki.

Na huɗu, tun ranar farko ka saita haruffa a utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar haruffan Hausa da emoji, in MySQL ko MariaDB ce. Tsoffin MySQL kafin 8.0 da wani tsarin haruffa mai suna latin1 suke zuwa, kuma latin1 ba ta san ƙ da ɗ da ɓ ba, sai ka ga Ɗanladi ya koma ?anladi, na Faransanci kuwa é da è su fito lafiya shi ya sa mutum ba ya lura da wuri. Gwada da sunan Hausa guda da emoji kafin ka zuba bayanan mutane.

Sai ajiyar kwafi. MySQL da mysqldump, PostgreSQL da pg_dump, SQLite da umarnin .backup, kar ka kwafe fayil ɗin kai tsaye ana cikin rubutu a ciki. Sauke kwafin duk sati lokacin da rezo ke da kyau da kuran, ɗaya a kwamfuta ɗaya a USB, sannan lokaci lokaci ka gwada mayar da shi a wata kwamfutar ka ga ko yana buɗewa, ka kuma nuna ma mai shagon inda yake.