Babi na 6: Wasan Bingo Don Gane Lamba

Darasi na 1: Mene ne bingo?

Bingo wasa ne na lambobi. Mutum ɗaya yana kiran lamba, sauran suna nemanta a katin da ke gabansu. Tushensa daga Italiya ne, wajen shekarar 1530. A 1929 wani mai sayar da kayan wasan yara, Edwin Lowe, ya ga ana yin sa a Amurka da ƙwayar wake, ya buga katuna ya yaɗa shi. A Amurka da Ingila akan zuba kuɗi a ci, wannan kuwa caca ce. A ajinmu ko kwabo ba a sakawa. Wake ne kawai, shi ma in an tashi a mayar mini da abina.

Darasi na 2: Katin

Ɗauki katinka, haruffa su kasance a sama. Haruffan biyar ne: B, I, N, G, O. Daga hannun hagu ake farawa, ba daga dama ba kamar karatun allo. Wannan B ɗin ba ta da ƙugiya, ba Ɓ ba ce.

Ƙarƙashin kowane harafi akwai gidaje biyar a jere zuwa ƙasa, irin gidajen dara. Duka 25 ke nan. Na tsakiya ba shi da lamba, kyauta ne, ɗora masa wake tun yanzu. Lambobi daga 1 zuwa 15 suna ƙarƙashin B, 16 zuwa 30 ƙarƙashin I, 31 zuwa 45 ƙarƙashin N, 46 zuwa 60 ƙarƙashin G, 61 zuwa 75 ƙarƙashin O. Katinka ba irin na maƙwabcinka ba ne, don haka leƙe ba shi da amfani.

Darasi na 3: Harafi tukuna

Iyayena da 'yan'uwana, a nan ake yawan tuntuɓe, sai mu bi a hankali.

Mai kira zai zaro 'yar takarda daga ƙwarya, ya ce: "I, sha shida." Kada idonka ya shiga yawo a kati. Ɗora yatsa a kan harafin I. Ka ɗora? To, sauko da yatsan gida gida, har biyar. Ka ga 16? Ɗora wake. Ba ka gani ba? Ba laifinka ba ne, katinka ne ba shi da ita. Jira kira na gaba.

Mu sake. "B, sha biyu." Yatsa a kan B. Sauko. Wata baiwar Allah a ajin yamma ta ɗora wake a kan 21 tana murna, ga shi 21 ƙarƙashin I take. Da yatsanta na kan B, da ba ta je can ba. Haka 16 da 61: tamkar Hassan da Husaini suke a ido, amma ɗaya na gidan I, ɗaya na gidan O. Wanda ya ruɗe kada ya ji kunya, sannu ba ta hana zuwa.

Mu sake. "O, sittin da ɗaya." Ina yatsa? A kan O. Sauko. Shida a hagu, ɗaya a dama. Madalla.

Mu ƙara. "G, hamsin." Harafi tukuna, sannan lamba. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wasu da sun ji lamba sai su baza ido ko'ina kamar mai neman allura a rairayi, kafin su farga an yi kira uku. Wanda kuma ya zo aji yana hirar kasuwa, ya kuka da kansa. Yatsa a kan harafi. Ku faɗa da baki sau uku.

Darasi na 4: Cin wasa

Wake biyar a jere, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, ka ci. Ɗaga murya ka ce "Bingo!" Kada ka girgiza katin kafin mai kira ya duba.

Darasi na 5

A Ingila lambobin har 90 ne, katin layi uku. Ba za mu yi shi ba.

Aikin gida: rubuta 1 zuwa 75. A zo da wake.