C. aureus: dila ne ko dodon koɗi?

Duka biyun ne, kuma nan matsalar take. Canis aureus dila ne, Conus aureus kuwa dodon koɗi ne na cikin teku mai dafi. Da an gajarta sunayensu sai su koma abu ɗaya a takarda.

Tun 1758 masana dabbobi ke bin tsarin Carl Linnaeus na suna mai kalma biyu: ta farko sunan dangi, ta biyu sunan nau'i. Dokar raɗa wa dabbobi suna ta hana dangin dabbobi biyu su ɗauki suna ɗaya, amma ba ta ce komai kan harafin farko ba. Kalmar ta biyu kuma kowa na iya ɗauka, shi ya sa elegans, wato kyakkyawa, ta bazu ko'ina.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne fara rubutu da gajeren suna. Ɗalibi ya rubuta C. elegans yana nufin Caenorhabditis elegans, 'yar tsutsar nan da Sydney Brenner ya yi aiki a kanta har ya samu kyautar Nobel a 2002. Ai kuwa akwai kunama Centruroides elegans, ga kififfiya Cyclanorbis elegans, ga dodon koɗi Conus elegans. Gyaran ba wuya: a rubuta cikakken suna a ambaton farko, a gajarta bayan nan.

Wanda ya fi damuna shi ne na E. coli, domin wannan ya shafi lafiya. Escherichia coli bakteriya ce, Entamoeba coli kuwa amiba ce, wata 'yar halitta daban da ido ba ya gani, kuma dukansu a hanjin mutum suke. Idan biyun sun haɗu a rubutu ɗaya, kada a gajarta ko ɗaya. Masu binciken sauro sun daɗe da samo dabara: Ae. ga Aedes, An. ga Anopheles.

Sai T. rex. Kowa ya san ƙaton dabbar da ƙasusuwanta suka zama dutse, wadda Henry Fairfield Osborn ya raɗa wa Tyrannosaurus rex a 1905. To, matsattsakun da aka bayyana daga Peru a 2010, mai shiga hancin mutum, sunansa Tyrannobdella rex. Akwai ma tururuwa Tyrannomyrmex rex. Rubuta "T-Rex" kuwa salon talla ne. Daidai shi ne babban harafi, ɗigo, tazara, sannan sunan nau'i da ƙananan haruffa, duka a karkace. Da hannu, sai a ja layi a ƙasa.

Haka nan wajen bincike a intanet. Wanda ya buga gajeren suna, shahararren cikinsu ne zai cika masa shafi, dodon koɗin da yake nema ya nutse can ƙasa. A nemi cikakken suna, in da hali a haɗa da sunan wanda ya raɗa shi da shekarar.