Darasi na Bakwai: Zaɓen Ɗinkin da Ya Dace da Hula

Mutumin da ya wuce hulunan da ke jere a kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi, ya nemi a ɗinka masa tasa ta musamman, yakan zo da zanen da yake so a ransa, amma ba lallai ne ya san hanyar da za a bi a fitar da shi ba. Saboda haka, tun kafin maɗinki ya karɓi kafin alƙalami, wajibi ne ya tambayi irin hular, da yawanta, da ranar da ake bukatarta, domin amsar waɗannan ita ce za ta nuna ko aikin hannu za a yi, ko na keke, ko na kwamfuta.

Aikin hannu shi ne na asali, kuma shi ake yi wa ƙube da Zanna Bukar da hular Bama, wadda ta samo sunanta daga garin Bama na jihar Borno. Mai zane ne ke fara fitar da zanen a kan farin yadi, sannan a miƙa wa mai ɗinki, galibi mata a cikin gida, su bi shi da allura da zare ɗinki bayan ɗinki har farin ya ɓace. Saman hula daban ake ɗinka shi, jikinta ma daban, sai a ƙarshe a haɗa su bisa awon kan mai ita, wanda ake ɗauka da inci, kamar 22 ko 23. Hula guda mai cikakken aiki takan ci makonni, wata ma ta haura wata guda. Wanda ya zo ana saura kwana 10 Sallah yana neman irin wannan, gara a faɗa masa gaskiya da a sa mai ɗinki gaggawa, domin allurar da aka yi wa gaggawa takan bar giɓi, kuma masanin hula da zarar ya juya cikinta ya ɗaga ta ga haske zai gani. Kafin a soma, a jiƙa ɗan farin ƙyalle a goga wa zaren. Idan launi ya fito a ƙyallen, to zai zuba ranar da hular ta je hannun mai wanki, ja ya hau kan fari, wahalar wata guda ta tafi a banza.

Aikin keke ya fi sauri da sauƙin kuɗi, kuma ya wadatar idan abokan ango 30 ne ke son anko na yini ɗaya. Sai dai kada a sayar da shi da sunan aikin hannu.

Hular hana-salla kuwa, wadda ƙungiyoyin ƙwallo da makarantu da 'yan siyasa ke sa wa tambari, injin kwamfuta ne ya fi dacewa da ita. A nan sai an fara tsara zanen a kwamfuta yadda injin zai san inda allura za ta bi, kuma kuɗin tsarin sau ɗaya ake biyansa. A ce kuɗin tsari naira 5,000 ne: mai hula ɗaya shi kaɗai zai ɗauke shi, amma idan huluna 50 ne, naira 100 kacal za ta hau kan kowace. Gaban hular ba shi da faɗi, tsayin wurin ɗinki bai cika wuce santimita 6 ba, kuma harafin da bai kai milimita 5 ba yakan cure ya ƙi karantuwa, don haka doguwar jimla ba ta da wuri a nan. Idan tambarin yana da ƙananan abubuwa da yawa, ya fi kyau a ɗinka shi a kan ƙyalle daban sannan a ɗora shi a hular. Zaren roba ya fi jure rana da wanki, mai tsananin sheƙi kuwa ya fi saurin koɗewa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu koyon karatu kai tsaye. Ba kowane salon rubutu na injin ne ke da haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma na taɓa ganin hulunan wata ƙungiya da aka so a rubuta musu "kishin ƙasa" amma aka ɗinka "kishin kasa", ga shi warware ɗinkin inji yakan bar huji a yadi. Mai oda ya rubuta kalmomin da hannunsa, a ɗinka gwaji ɗaya a kan ƙyalle, ya karanta ya amince, sannan a ci gaba.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya auna kansa da tef, ya rubuta lambar a littafinsa, ya kuma zo da hula ɗaya daga gida domin mu juya cikinta mu gane irin aikin da aka yi mata.