Gwajin Jinkirin Narkewar Abinci ga Mai Ciwon Suga

Mai ciwon suga da ke ƙoshi bayan loma biyu, ko yana aman tuwon jiya, ya hanzarta ganin likita, misali a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe. Suga mai yawa na lalata jijiyar da ke motsa tumbi, sai abinci ya daɗe bai bar tumbin ba.

Ana fara leƙa ciki da kyamara, don a tabbatar ba toshewa ba ce. Sannan gwajin awa 4: a kwana da yunwa, a ci ƙwai mai ɗan sinadarin da na'ura ke gani, a riƙa ɗaukar hoto. Idan fiye da kashi 10 cikin 100 na abincin ya rage a tumbi bayan awa 4, akwai jinkiri.

Tramadol da metoclopramide (maganin amai) na ɓata sakamako. Da izinin likita a dakatar da su awa 48 kafin gwaji. Sugan jini sama da 275 mg/dL ma na ɓata sakamako.