Kurakuran da aka fi yi wajen tuƙa Seamoth da Cyclops a Subnautica

Wallahi yawancin masu cewa Cyclops, babban jirgin ƙarƙashin ruwa na gem ɗin Subnautica, ba ta tuƙuwa ba laifin gem ɗin bane, ido suke bi suna barin na'urorin da ke gabansu. A ƙarƙashin ruwa ido yaudara yake, musamman in ka wuce mita 200 duhu ya rufe, babu rana babu ƙasa, sai ka rantse sama kake yi alhali nutsewa kake.

Na farko dai, fita ba kamfas. Waya ta tagulla da wiring kit ɗaya ne kawai ka haɗa shi, yana hawa saman sikirin ɗinka har cikin jirgi, amma mutum sai yayi awa goma yana kwatance da Aurora, ƙaton jirgin sararin samaniyar da ya faɗo cikin tekun. To in ka shiga kogo ina zaka ga Aurora? Kafin ka shiga kowane rami duba kamfas ka riƙe, in arewa ka fuskanta ka shiga to kudu ce hanyar fita, kuma ka jefa beacon, na'urar da ke nuna maka wurin a sikirin, a bakin ramin ka sa masa suna, titanium da tagulla ne, ba tsada.

Sai lambar zurfi. Seamoth, ƙaramin jirgin, mita 200 take ɗauka in ba ka sa mata module na ƙarin zurfi ba, da shi ta koma 300, 500, har 900. Matsalar ita ce hancinta maus yake bi, kana leƙen wani abu a ƙasa yatsanka na kan W na tafiya gaba, ka tafi ƙasa kenan baka sani ba sai kaji ƙarfe na ƙara. Lambar in tana ƙaruwa nutsewa kake, ko me idonka ya gaya maka. Danna Space ka hau tsaye ba sai ka juya hanci ba.

Amma inda aka fi shan wuya Cyclops ce, don mutane suna zuwa mata da hannun Seamoth. A Seamoth A da D gefe suke zamar da kai, a Cyclops kuwa juya jirgin gaba ɗaya suke, kuma ita bata sunkuyar da kai, hawa da sauka Space da C ne kawai. Tsawonta mita 54, kai kuma kana can gaba a hanci, to ka ɗauka tirela kake ja, in ka sha kwana gindin yana bugun dutse kai baka gani ba. Ni ranar da na fara shiga da ita hanyar Lost River, wani kogo mai zurfin gaske, na maƙale tsakanin duwatsu biyu, gaba ƙara baya ƙara, sai da na buɗe kyamarar ƙasa naga wani tsinin dutse ne ya tokare cikinta, mita biyu kawai na ɗaga na wuce. Kyamarori uku ne, ta ƙasa ta sama da ta baya wajen farfela, kowacce da fitilarta kuma zaka iya tuƙi kana kallo ta cikinsu. A matsatsi ni bana ma kallon gilashin gaba. Waɗannan ɗigo-ɗigon da ke fitowa gaban sitiyari kuma ba ado bane, suna nuna ɓangaren da ka kusa goga.

Gudu kuma, dan Allah a daina zama a flank, wato gudu na ƙarshe. Injin zafi yake har wuta ta tashi a ciki, ga ƙara da ke kira maka dodanni. Slow a kogo, standard a fili, in wani abu ya nufo ka kunna silent running, mai rage ƙarar jirgin, ka rage gudu, sai dai yana shan batir sosai, wucewa kayi ka kashe shi. Sonar, mai zana maka kewaye da sauti, ma haka, kar ka barshi yana ta bugawa, kunna shi ka ga zanen kogon ka kashe, batir shida ne kawai a Cyclops kuma Lost River ba wajen da zasu ƙare maka bane.